Yadda ake tunkarar mummunan borin jini a ɗakin tiyata

Mummunan borin jini da ke kama majinyaci yana kan gadon tiyata, wanda likitoci ke kira anafilaksi, ba kullum ake ganinsa ba, kuma ƙarancinsa ne ke sa ya riski ma'aikaci ba shiri. Babban binciken da aka yi a asibitocin Birtaniya, wanda aka fitar a 2018, ya nuna cewa yana faruwa kusan sau ɗaya a cikin kowace tiyata 10,000 da aka sa barci, kuma daga cikin mutum 266 da aka duba lamarinsu, 10 sun rasu. Na rubuta wannan ne domin masu koyon aikin sa barci da ke shigowa ɗakunan tiyata na Damagaram, saboda haka ba zan tsaya kan neman jijiya ko zura bututun numfashi ba. Inda na ga sababbi suna faɗuwa wuri ɗaya ne: suna jinkirta adirenalin, kuma idan sun ɗauko ta sai su rikice wajen sirka ta.

Kafin a shigo da majinyaci

Tambayar "magani yana ba ka borin jini?" ba ta wadatar ba, domin mafi yawan mutanenmu za su ce a'a ko don su gama da kai. Ka tambaya dalla-dalla. Idan dattijuwa ce, ka ce: "Inna, an taɓa yi muku allura jikinku ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko kuka suma?" Ka tambayi ɗan rakiya shi ma, ka kuma buɗe karnen asibiti, wato littafin jinyarsa, ka duba da idonka. Wanda leɓensa ke kumbura idan ya hura balan-balan, ko bakinsa ke ƙaiƙayi idan ya ci ayaba ko aboka, ka yi zargin robar latas da ake yin safar hannu da ita. Irin wannan majinyaci shi ake fara yi wa aiki da safe, da safar hannu marar latas, kafin ƙurar safar wasu ta cika ɗakin.

Ka san masu laifin da aka fi kamawa. A binciken Birtaniya, magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne kan gaba da kusan rabin lamuran, sai magungunan saki tsoka da kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan kulorheksidin da ake wanke fata da shi. A Faransa kuwa magungunan saki tsoka ne suka daɗe a kan gaba, musamman suksametoniyom da rokuroniyom. A wurinmu magungunan kashe ƙwayoyin cuta seftiriyakson da amoksisilin suna shiga kusan kowane aiki, don haka idona a kansu yake. Ka'idata ita ce a yi allurar kashe ƙwayoyin cuta majinyaci yana farke, mintuna kaɗan kafin a sa shi barci, domin idan abu ya taso zai iya cewa jikinsa na ƙaiƙayi ko ƙirjinsa ya yi nauyi, kuma ba za a rasa sanin maganin da ya jawo ba. Al'adar nan ta tura ɗan kaɗan a jijiya a jira a gani kafin a tura sauran ba ta kare kowa, domin ɗigo kaɗan ya isa ya tayar da borin gaba ɗaya.

Gane shi

Ɗalibi ya karanta cewa borin jini yana zuwa da ƙuraje da jan fata, saboda haka yakan tsaya yana jiran ya gan su. Majinyacinka an lulluɓe shi da zanen tiyata, fatarsa baƙa ce wadda ja ba ya fitowa a kanta da sauƙi, kuma idan tansiyo ta faɗi ƙwarai jini ba ya isa fata, har sai an farfaɗo da shi sannan ƙurajen su bayyana. Alamar da ta fi zuwa da farko ita ce faɗuwar tansiyo ba tare da dalili ba, sai sarƙewar hanyoyin iska, inda za ka ji jakar numfashi ta yi tauri a hannunka kana matsawa iska ba ta shiga, galibi tare da saurin bugun zuciya. Idan kana da na'urar auna iskar da ake fitarwa, za ka ga lambarta ta sauka.

Lokaci shi ne babban mai shaida. Duk abin da ya lalace cikin mintuna kaɗan bayan ka tura magani a jijiya, ka ɗauke shi borin jini har sai ka tabbatar da wani dalili. Na latas da na kulorheksidin sukan yi jinkiri, su bayyana bayan an yi nisa da aiki. Wurin da aka fi ruɗewa shi ne tiyatar haihuwa da allurar baya, domin kowa ya saba ganin tansiyo ta sauka, sai a yi ta tura efedirin, maganin ɗaga tansiyo, ana ƙarawa. Idan ka yi efedirin sau biyu tansiyo ba ta motsa ba, babu zubar jini mai yawa, kuma allurar bayan ba ta hau sama fiye da kima ba, ka daina jira.

Mintunan farko

Ka faɗa da ƙarfi cewa borin jini ne, ka nemi taimako, ka duba agogo. Ka gaya wa likitan tiyata ya dakata. Ka tsayar da duk abin da ke shiga jijiya da ake zargi, har da jini ko ruwan jelatin idan ana ƙarawa, amma kada ka zare allurar jijiyar. Ka buɗe oksijin gaba ɗaya, ka ɗaga ƙafafun majinyaci, idan kuma mai ciki ce ka karkatar da mahaifa zuwa hagu. Duk wannan ana yin sa ne tare da adirenalin, ba kafinta ba.

Adirenalin da yadda ake sirka ta

Abin da na fi gani shi ne hannu ya tafi ga idirokortizon ko deksametazon, domin su ne aka saba ba mai borin jini a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ba sa ba ma'aikaci tsoro. Waɗannan magunguna sai bayan sa'o'i suke fara aiki, kuma ba sa ɗaga tansiyo ko buɗe ƙirji a lokacin da ake bukata. Adirenalin ce ke matse jijiyoyin da suka saki, ta buɗe hanyoyin iska, ta ƙarfafa zuciya, ta kuma rage fitar sinadaran da ke haddasa borin. Tsoronta yana da tushe, domin wanda ya tura ampul guda ba sirki a jijiyar mutumin da zuciyarsa ke bugawa zai iya kashe shi. Maganin wannan tsoro shi ne iya lissafi tun kafin ranar.

Da farko ka karanta jikin ampul, domin akwai mai miligiram 1 a cikin mililita 1, akwai kuma mai rubu'in miligiram, kuma girmansu ɗaya ne. Ka zuƙi miligiram 1, ka cika da ruwan gishiri har ya kai mililita 10. Yanzu kowace mililita tana ɗauke da maikirogiram 100. Ka rubuta wannan a jikin sirinjin. Daga cikinsa ka zuƙi mililita 1 zuwa sirinji na biyu, ka sake cikawa zuwa mililita 10, wanda ya ba ka maikirogiram 10 a kowace mililita, shi ma ka rubuta. Sirinji biyu masu kama ɗaya da ba a rubuta komai a jikinsu ba sun fi rashin maganin haɗari, musamman idan wanda ya sirka ba shi ne zai tura ba.

Ga babban mutum, ka'idar Birtaniya ta ce a tura maikirogiram 50 a jijiya, wato rabin mililita na sirinjin farko, a maimaita idan ba a ga canji ba. Ka'idar Faransa, wadda yawancinmu muka yi karatu da ita, ta raba abin bisa tsanani: maikirogiram 10 zuwa 20 idan alamun matsakaita ne, 100 zuwa 200 idan rai na cikin haɗari, ana maimaitawa kowane minti 1 zuwa 2. Ni na fi son a fara da 50, a duba tansiyo bayan minti ɗaya, a ninka idan ba ta amsa ba. Kowace ka bi, sai ka kora maganin da ruwa bayan ka tura, domin rabin mililita zai iya tsayawa a cikin igiyar ƙarin ruwa bai kai ga zuciya ba. Ga yaro, maikirogiram 1 ne a kowane kilo na nauyinsa, kuma sirinji na biyu ake amfani da shi.

Idan jijiya ta ɓace, ko babu na'urar lura da zuciya, ko kai kanka ba ka saba da turawa ta jijiya ba, ka yi ta a tsokar cinya ta gefen waje: rabin miligiram ba sirki ga babba, maikirogiram 10 a kowane kilo ga yaro, a maimaita bayan minti 5. Babu abin kunya a wannan hanya. Kuma tun da ampul ɗin adirenalin ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran kayan da ke kan tebur, ban yarda a fara aiki ba sai na gan shi da idona a kusa, na duba ranar lalacewarsa. Zafin Damagaram da hasken rana suna ɓata shi, don haka duk wanda ruwansa ya sauya launi a jefar. Aika ɗan rakiya farmasi da takarda a wannan lokaci daidai yake da haƙa rijiya bayan gobara ta kama.

Ruwa, da abin da ke biyo baya

Jijiyoyin mai wannan bori suna yoyo, ruwan jini yana fita zuwa cikin nama, shi ya sa adirenalin kaɗai ba ta riƙe tansiyo. Ka sa babbar allura ta biyu, ka matse jakar ruwan gishiri ko Ringa da hannu, mililita 500 zuwa 1,000 a tashin farko ga babba, mililita 20 a kowane kilo ga yaro. Babba zai iya bukatar lita 3 ko fiye. Idan tansiyon sama ta sauka ƙasa da 50, ko ba ka jin bugun jijiya, ka fara danna ƙirji, ka koma ka'idar tsayawar zuciya da miligiram 1 na adirenalin ga babba. Idan an maimaita adirenalin sau uku ana komawa baya, a haɗa ta a famfon allura tana shiga a hankali. Ƙirjin da ya ƙi buɗewa a ƙara masa salbutamol, bayan ka tabbatar bututun bai lanƙwashe ko ya zarce huhu ɗaya ba. Mai shan magungunan rage bugun zuciya irin su atenolol yakan ƙi amsa adirenalin, kuma gulukagon ake ba shi idan akwai. Sai bayan tansiyo ta zauna ne ake maganar kortizon da maganin ƙaiƙayi.

Ci gaba da aiki ko rufewa shawara ce tsakaninka da likitan tiyata: aikin da zai iya jira a ɗage shi, na gaggawa a gama da sauri. Majinyaci ya kwana a sashen kulawa ta musamman, domin borin yakan dawo bayan sa'o'i, kuma kada a cire bututu sai an duba kumburin harshe da maƙoshi. A ɗebi jini domin gwajin tiriftaz, sinadarin da ke ƙaruwa a jini lokacin borin, cikin sa'a 1 zuwa 2, a sake ɗiba bayan sa'a 24. Inda ba a yin gwajin, ana iya tace ruwan jinin a daskarar da shi a aika. Gwajin fata na gano abin da ya jawo borin sai bayan mako 4 zuwa 6.

Kafin ka bar ɗakin, ka rubuta kowane magani da aka ba shi da mintin da aka ba shi, har da abin wanke fata da irin safar hannun da aka sa. Ka kwafe wannan a karnensa, ka kuma ba shi takarda dabam, ka yi wa shi da ƴan uwansa bayani da Hausa cewa su nuna ta a duk asibitin da suka je, ko a Mirriya ne, ko Magaria, ko tsallaken iyaka a Kano, kafin a yi masa kowace allura.