Talabijin mai 3D na hannu: yadda ake zaɓa, a haɗa shi da gem, a kalla ba ciwon ido

Kamfanoni sun daina ƙera talabijin mai 3D. Samsung ya bari a 2016, LG da Sony suka bi shi a 2017. Duk wanda za ka gani yau a Bauchi, ko a shagunan kayan lantarki na wajen Wunti ko a hannun wani mai son canji, na hannu ne, yawanci ƙirar 2010 zuwa 2016. Wannan ba aibu ba ne, don da yawansu allonsu ya fi na sababbi masu arha kyau. Matsalar dai ita ce mai sayarwa ba kasafai yake da tabarau ba, bare ya san irin wanda ya dace, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Aikin duka a kan abu ɗaya ya tsaya. Tsakanin idanun babban mutum akwai kusan santimita 6 da rabi, saboda haka kowane ido yana ganin abu daga kusurwa daban, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa biyun ta fitar da nisa da zurfi. Miƙa babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan: za ka ga yatsan yana tsalle. Tun 1838 Charles Wheatstone ya nuna a Ingila cewa in aka ba kowane ido nasa hoton, shimfiɗaɗɗen zane zai tashi. Talabijin ma abin da yake yi ke nan, hoto biyu yake fitarwa, tabarau kuma ya raba wa idanu.

Tabarau iri biyu ne, ba sa maye gurbin juna

Na farko mai batir ne. Allon yana nuna hoton hagu, sannan na dama, sau 120 a daƙiƙa (ko 100 in hoton na tsarin sau 50 a daƙiƙa ne), gilasan tabarau kuma suna rufewa suna buɗewa bi da bi daidai da shi. Samsung da yawancin Panasonic da Sony irinsa suka yi amfani da shi. Kowane ido yana samun cikakken hoto, amma haske yana raguwa fiye da rabi, kuma dole tabarau ya riƙa jin saƙon talabijin. Samsung na 2010 da hasken infared yake aika saƙon, irin na rimot. Daga 2011 ya koma Bluetooth. Tabarau na 2010 ba zai yi a talabijin na 2012 ba ko da sunan kamfani ɗaya ne a jikinsu. Duba lambar samfurin a bayan akwatin: harafin C bayan lambar inci 2010 ne, D 2011, E 2012, F 2013.

Na biyu ba batir, ba maɓalli, ba shi da nauyi. LG ne ya yaɗa shi daga 2011 da sunan Cinema 3D. An manna wata siririyar leda a fuskar allon wadda ke murɗa hasken layi ɗaya zuwa hagu, na biye da shi zuwa dama, kowane gilashi kuma nasa kawai yake bari ya wuce. A allo mai layi 1080, kowane ido 540 yake samu, in ka matso sosai za ka ga siraran layuka baƙaƙe a kwance. A mai 4K kowane ido yana samun 1080, shi ya sa LG 4K mai 3D na 2015 da 2016 ya fi kowanne daraja in an dace da shi.

A yanayinmu na nan, marar batir ya fi. Gidan da mutum takwas ko goma za su zauna kallo ba zai iya sayen tabarau mai batir ga kowa ba, yara kuma ba sa barin abu mai gilashin lantarki ya daɗe. Marar batir yana da arha, na kowane kamfani yana yi muddin mai murɗa haske a da'ira ne, har irin na RealD da ake bayarwa a silima. Ba ya ƙyaftawa a ƙarƙashin fitila, ba ruwansa da caji. Wanda zai buga gem shi kaɗai a ɗaki mai duhu, yana son kaifin hoto, shi ne mai batir zai yi wa rana.

Tabarau na kwali mai ja da shuɗi ba ya cikin waɗannan. Shi yana yi a kowane allo, har waya, in bidiyon an yi shi da launukan biyu, ja a idon hagu. Yana ɓata launi, kuma ba zai yi aiki da tsarin 3D na talabijin ba.

Kafin ka biya

Je da tabarau, da filashi mai ɗauke da gajeren bidiyon 3D, da wayar HDMI taka. Mai shago ya ce maka "Alhaji wannan 3D ne, ga shi a rubuce", kada rubutun ya ishe ka.

Fara da takardar da ke manne a baya. In an rubuta 100–240V, lafiya. In 110–120V kawai aka rubuta, na Amurka ne, wutarmu kuma 230 ce; ba tare da taransifomar rage wuta ba, sakawa ɗaya zai ƙone. A Samsung, lambar da ta fara da UN ta Amurka ce, UE ta Turai, UA ta Afirka da Asiya. Duba wat ɗin da yake ci a wurin. Talabijin mai allon filasma na Panasonic ya fi kowa tsabtar hoto a 3D mai batir, amma manyansa ana ganin wat 300 ko fiye a takardarsu, ga zafi da yake fitarwa. Mai ƙaramin janareta ko inbata mai batir ɗaya ya yi lissafi tukuna.

Sai rimot. Nemi na asali mai maɓallin 3D. Rimot na kasuwa yana kunnawa yana kashewa, amma wasu ba sa kai ka wurin zaɓen tsarin hoto da sauri, sai ka yi ta yawo a menu.

Kunna bidiyon, ka sa tabarau, ka rufe ido ɗaya. Hoto ɗaya tak ya kamata ka gani. In kana ganin inuwar wani hoton a gefen abubuwa, musamman fari a kan baƙi, hoton ɗaya idon ne ke yoyo. Kaɗan ba ya rasuwa, amma in ta yi yawa a tsakiyar allo, bar shi. A marar batir, duba kusurwoyi huɗu da kyau: inda ledar ta ɗago, ta yi kumfa ko aka karce ta, 3D ya mutu a wurin, kuma ba a gyarawa. Haka in an taɓa canza allon da na wani talabijin. Menu zai ci gaba da nuna 3D, amma ledar ba ta nan, hoto biyu kawai za ka yi ta gani.

Wurin ajiyewa

A nan masu marar batir suka fi yin kuskure. Mun saba kafa talabijin can sama a bango, mu kuma mu zauna a kafet ko tabarma. Ledar nan an daidaita ta da layukan allo ne don mai kallo daga gaba. In kana ƙasa sosai ko sama sosai, hasken layin hagu yana bi ta wurin na dama, hoto ya rabu biyu. Gefe da gefe ba ya damuwa sosai, sama da ƙasa ne ba ya yafewa. Tsakiyar allo ta daidaita da idon mai zaune. In dole ya zauna a sama, sayi maƙalin bango mai sunkuyawa, ka karkato shi har fuskarsa ta dubi wurin zama. In wasu na kujera wasu na ƙasa, a ja baya, nisa yana rage bambancin.

Nisan zama kada ya gaza tsayin allo (daga sama zuwa ƙasa) sau uku. Mai inci 42 tsayinsa kusan santimita 52 ne, wato mita ɗaya da rabi zuwa sama. Mai inci 55 kusan mita 2.

Mai batir kuma da fitila yake rigima. Wutarmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, tabarau yana ƙyaftawa sau 60 ga kowane ido a gem da yawancin fina-finai, sai doguwar fitila fara da wasu ƙwayaye masu arha su riƙa rawa a idonka ko da allon lafiya yake. Kashe fitilar, ka ja labule. Hasken rana kai tsaye yana kuma rikita mai infared. Kada a kalla a kishingiɗe: in kai ya karkata, hoton yana dushewa, zurfin kuma ya lalace.

Haɗawa

PlayStation 3 (PS3) ne ya fi dacewa, kuma yana nan birjik a hannun masu gidajen gem. Sony ya ba shi ikon gem mai 3D a manhaja ta 3.30 a 2010, da faifan Blu-ray 3D a ta 3.50 a shekarar. Haɗa shi kai tsaye da talabijin da wayar HDMI mai rubutun High Speed. Waya mai kai uku, rawaya da ja da fari, ba ta ɗaukar 3D. Kada ka bi ta tsohuwar na'urar sauti ko abin raba hoto zuwa allo biyu, don in ba su kai HDMI 1.4 ba za su ɓoye wa PS3 cewa allon 3D ne.

Shiga Settings, Display Settings, Video Output Settings, ka zaɓi HDMI, sannan Automatic. Zai gano allon 3D ya tambayi girmansa a inci. Saka gaskiya, da lambar ce wasu gem ke auna tazarar hotuna biyun. In bai tambaya ba, bai gano ba ke nan: kashe shi, ka danne maɓallin wuta har ka ji ƙara ta biyu, ya sake neman allo daga farko. Ba kowane gem ke da 3D ba; Gran Turismo 5, Killzone 3, Uncharted 3 da WipEout HD suna da shi, a 720p, wato layi 720, ga kowane ido. Na'urar tana zana hoto biyu a maimakon ɗaya, don haka wasu gem kan rage kaifi ko santsin motsi, ba lalacewa ba ce. Kunna Game Mode a talabijin don rage jinkirin da ke tsakanin dannawa da gani. PS4 da Xbox One suna karanta faifan Blu-ray 3D, PS5 da Xbox Series X ba sa yi.

Bidiyon filashi kuwa, sunan fayil yake gaya maka tsarinsa. HSBS ko SBS hotuna biyu ne a jere hagu da dama, sai ka zaɓi Side by Side. HOU ko TAB ɗaya ne a kan ɗaya, sai Top and Bottom. In zurfin ya juye, abin nesa ya yi kamar yana gaba, ido kuma ya fara zafi nan take, hagu da dama ne suka musanya. Nemi L/R a menu na 3D ka canza. Maɓallin mayar da 2D zuwa 3D ƙiyasi kawai talabijin yake yi, ba ya ba da zurfi na gaske. Kada kuma ka sa ran tashar 3D a dikoda. An ɗauki wasanni 25 na gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu da 3D, amma tashar ESPN 3D ta rufe a 2013, sauran ma suka bi.

Haɗa tabarau na Samsung mai Bluetooth: kunna 3D a talabijin, tsaya cikin rabin mita, danne maɓallin tabarau har saƙo ya fito a allo. Yawancinsu ƙaramin batir CR2025 suke ci, irin na agogo. Karanta jikin tsohon kafin ka saya. In tabarau ya riƙa ɗaukewa a tsakiyar kallo, batir ne kusan kullum. Da sanyin safiya a lokacin hunturu, allon LCD mai tabarau na batir yakan nuna inuwa fiye da kima, don ruwan allon yana jinkirin juyawa in ya yi sanyi. Bar shi ya yi minti goma zuwa sha biyar a kunne. Ƙara hasken baya, ka kashe tsarin tattalin wuta.

Dabarar masu gidan gem

Talabijin marar batir yana iya ba 'yan wasa biyu cikakken allo kowannensu. LG ya sa wa wannan suna Dual Play. A gem mai raba allo biyu, kamar tseren mota, zaɓi Top and Bottom in sama da ƙasa aka raba, ko Side by Side in hagu da dama. Ɗan wasa na farko ya sa tabarau mai gilasan hagu biyu, na biyu mai gilasan dama biyu. Ana iya haɗa su a gida: ɗauki tabarau biyu, ciro gilashin dama na ɗaya da na hagu na ɗayan, ka musanya. Kada ka juya gilashin gaba ya koma baya, ta fuska ɗaya kawai yake tace haske. In siffar ba ta shiga ba, rage gefen da almakashi. Hoton zai ɗan miƙe, kuma wannan ba 3D ba ne, amma kowa ba ya ganin allon abokin karawarsa. A gem ɗin ƙwallo ba shi da amfani, tunda allo ɗaya ake kallo.

Mai son 3D ba tabarau ya nemi Nintendo 3DS na 2011, ƙaramar na'urar gem da ake riƙewa a hannu. Riƙe shi saitin fuska, santimita 25 zuwa 35, ka ɗaga majanyin gefe a hankali. New 3DS yana bin fuska da kyamara, ya fi jure motsi. 2DS ba shi da 3D, kuma kaset na Turai ba ya yi a na Amurka.

Ido da ƙura

Ido yana kafa gani a kan allo, amma idanun biyu suna karkata zuwa inda abin yake kamar yana shawagi. Wannan saɓanin ne ke kawo ciwon kai da jiri. Fara da zurfi kaɗan, ƙasa da rabi, ka cire tabarau ka huta duk bayan rabin awa. Nintendo ya ce kada yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa su kalli 3D, kuma mai farfaɗiya ya nisanci tabarau mai ƙyaftawa. Wanda ido ɗayansa ke da rauni ko yake da harara garke ba lalle ya ga zurfin ba. In kowa na gani shi ba ya gani, likitan ido ya kamata ya duba shi. Mai tabarau na magani ya ɗora na 3D a kan nasa.

Ƙurar hunturu tana da yashi, in ka goge ta a bushe da gefen riga ta karce leda da gilasai. Hure ta tukuna, sannan ka bi da tattausan ƙyalle mai ɗan danshin ruwa, talabijin a kashe. Ban da sifirit, ban da ruwan wanke gilashi. Ajiye tabarau a jakarsu nesa da rana, don zafin cikin mota ko bakin taga yana lanƙwasa ledar marar batir. Talabijin kuma ya bi ta sitabilaiza, a zare soket kafin a tada janareta, sai wuta ta daidaita a mayar, don sashen da ke karɓar wuta a cikin waɗannan tsofaffin samfura yana wuyar samu in ya ƙone.