Yadda Ake Gano Tabo Da Karce A Tsohon Fim Da Kwamfuta

Ɗaliban digiri na biyu da na gani suna wannan bincike a nan Sakkwato, yawancinsu wuri guda suke tuntuɓe, don haka can zan fi tsayawa. Harshen kwamfuta na Python da kayan sarrafa hoto na OpenCV kuwa na ɗauka ka iya su.

Kada ka sauko da fim daga YouTube ka ce da shi za ka yi aiki. An matse shi, matsewar ta shafe ƙananan tabo, ta kuma kawo nata. Nemi wanda aka kwafo kai tsaye daga zaren fim mai milimita 16 ko 35. Ka rubuta wa ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos tun da wuri. Da manhajar bidiyo ta FFmpeg za ka yayyanka shi hoto-hoto, ka ajiye a PNG, tsarin ajiye hoto da ba ya rage ingancinsa. Daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce, minti ɗaya 1,440, saboda haka minti biyu ya ishe ka, ga wuta ba tabbas.

Tabon ƙura a hoto ɗaya yake fitowa, babu shi a na gaba, babu a na baya. Sai ka kwatanta ukun. To, nan ne ramin. Nan na yi asarar wata uku: na gwada da hawan sallah na zamanin majigi, kwamfuta ta ce ƙafar doki da bakin rawani duk tabo ne, don su ma sun bar inda suke. Dole ka fara lissafin motsi, ka daidaita hoton baya da na gaba su hau kan na tsakiya, sannan ka kwatanta. Hanyar lissafin motsi ta Farneback da ke cikin OpenCV ta wadatar. Kuma kada ka kira ɗigo tabo sai ya fi takwarorinsa biyu na hoton baya da na gaba haske, ko ya fi su duka duhu. In ya fi ɗaya haske, ɗayan kuma ya fi shi, motsi ne.

Karce daban yake. A tsaye yake zuwa, ya daɗe a hotuna da yawa, kwatancen nan ba ya kama shi. Nemi siririn layi, ka lura: in kyamara ta juya, mashi da turke suna tafiya da hoton, karce ba ya bin su.

Sai ka zauna ka shata tabo da hannunka a hoto kamar 200, don ka auna aikin kwamfuta da su. Gwajin ƙarshe a wani fim daban za ka yi shi. Ka rubuta tabo nawa kwamfuta ta kama cikin na gaske, nawa kuma ta ƙaga.