Idan Mai Ƙara Ya Janye, Kada Ka Tafi Hannu Rabbana

'Yan uwa 'yan kasuwa na Garwa da Marwa, wanda ya maka ku kotu kan ƙaramin bashi, ya gaji ya janye, a ƙa'ida shi ke ɗaukar kuɗin shari'a. Amma wannan ya tsaya ne ga irin kuɗin tambur, rajista da takardun wisiye, wato jami'in da ke kai sammaci. Ranakun da ka rufe shago da kuɗin mota ba sa ciki.

Su sai ka nemi diyya, bisa sashe na 1382 na dokar farar hula ta Kamaru, ka nuna ƙarar ta zalunci ce ko sakaci. Lokaci ne ke kayar da mutane a nan. Shigar da taka buƙatar a rubuce tun shari'a na gudana, kafin ya janye, don janyewarsa ba ta kashe ta. In ka yi shiru aka rufe, sai sabuwar ƙara da sabon kashe kuɗi.

Adana kowane sammaci, tikitin tasha, da littafin ciniki na watanni 3 da ke nuna ribar yini. Alƙali ba ya aiki da "na yi asara" ta baki.

Ka tambayi magatakardan kotu: wannan ƙarar kawai ya janye ko haƙƙinsa na neman bashin gaba ɗaya? In ƙarar ce kawai, yana iya dawowa.