Yadda ake gane imel na bogi da wanda aka taɓa a hanya

Sunan da ke fitowa a layin "From" ba shaida ba ne. Tsarin aika imel, wato SMTP, tun 1982 aka tsara shi, kuma bai tanadi hanyar tantance mai aikawa ba. Kamar ambulan ce, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a bayanta. Ta wannan ɓaraka ake cutar 'yan kasuwar da ke odar kaya daga Sin ko Dubai: saƙo ya zo da sunan kamfanin da aka saba da shi, da takardar kuɗi irin wadda aka sani, sai layi guda da ke cewa an canza lambar asusu. Minti biyar na dubawa kan isa a gano yawancin irin wannan.

Fara da adireshin kansa. Manhajar waya suna kawai take nunawa, ta ɓoye adireshin, saboda haka ka taɓa sunan har cikakken adireshin ya bayyana. Abin dubawa shi ne domen, wato abin da ke bayan alamar @. Karanta shi harafi bayan harafi, kana kwatanta shi da na wani tsohon saƙo da ka tabbatar da shi. 'Yan damfara kan sa lamba 1 a gurbin harafin l, example.com ya koma examp1e.com, ko su jera r da n su yi kama da m. Wasu kan ɗauko harafin Rashanci mai siffar a na boko. Irin wannan domen yakan bayyana da xn-- a farkonsa idan aka buɗe asalin saƙon. Daga dama ake karanta domen: example.com.biya.net mallakar mai biya.net ne, example.com ɗin ado ne kawai.

Sai ka buɗe bayanan da ke ɓoye a saman saƙo, waɗanda ake kira heda. A Gmail ta kwamfuta, danna ɗigo uku da ke gefen saƙon ka zaɓi "Show original". Manhajar Gmail ta waya ba ta da wannan zaɓi, sai ka nemi kwamfuta. A tsohon samfurin Outlook na kwamfuta kuwa, buɗe saƙon, ka shiga File, sannan Properties, za ka same su a akwatin "Internet headers". Rubutun na da yawa, amma layuka kaɗan ne ke da amfani gare ka.

Na farko "Reply-To". Idan From ya nuna domen kamfani, Reply-To kuma ya nuna wani adireshi na kyauta, to duk amsar da ka bayar ba kamfanin za ta je ba. Wannan ita ce dabara mafi arha, kuma tana yawan ci, domin ba kowa ke duba inda amsarsa ta nufa ba kafin ya aika.

Na biyu "Authentication-Results", kuma a nan aikin yake. Sabar da ta karɓar maka saƙon, wato babbar kwamfutar kamfanin imel ɗinka, ita ce ke rubuta shi, da sakamakon gwaji uku: SPF da DKIM da DMARC. Na saman da kamfanin imel ɗinka ya rubuta kaɗai za ka yarda da shi, tunda mai aikawa na iya cusa na ƙarya a ƙasa.

SPF jeri ne da mai domen ke wallafawa a DNS, wato kundin adireshin intanet, na sabobin da ya yarje wa su aika saƙo da sunansa. Idan saƙon ya fito daga ɗaya daga cikinsu, za ka ga spf=pass. Sai dai SPF ba layin From yake gwadawa ba, wani adireshi dabam yake gwadawa, wanda ke fitowa a "Return-Path". Ɗan damfara na iya samun pass da nasa domen, ya rubuta na wani a From. Don haka kada ka tsaya a kalmar pass, duba smtp.mailfrom da ke kusa da ita ka ga domen wa aka wanke.

DKIM shi ne hatimi, kuma shi ke tona ko an taɓa saƙo. Sabar mai aikawa tana lissafa wata lamba daga jikin saƙon da wasu layukan heda, ta sa hannu da makullin sirri, wato wata lamba da ita kaɗai ta sani, sabar mai karɓa kuma ta gwada da abokinsa makullin fili da mai domen ya wallafa a DNS. Ko lamba ɗaya aka sauya a cikin asusun banki, lissafin ba zai daidaita ba, sai dkim=fail. A layin "DKIM-Signature" duba abu uku. d= shi ne domen da ya sa hannu, kuma shi ya kamata ya dace da From. h= yana lissafa layukan da hatimin ya rufe; idan Subject ko Reply-To ba sa ciki, ana iya canza su hatimi na nan lafiya. Idan kuma ka ga l= da lamba, to iya wannan tsawon na jikin saƙon kaɗai aka rufe, ana iya ƙara rubutu a ƙasa gwajin ya wuce. 

DMARC ne ke ɗaure biyun da abin da idonka ke gani. Ba ya ba da pass sai SPF ko DKIM ya wuce, kuma domen da ya wuce ɗin ya dace da na From. Idan lokacinka kaɗan ne, dmarc= za ka fara nema. Kana iya ganin umarnin da mai domen ya bari ta hanyar rubuta nslookup -type=txt _dmarc.example.com a tagar rubuta umarni (Command Prompt) ta kwamfuta, ka sa domen da kake bincike a gurbin example.com. p=reject na nufin a ƙi karɓar na bogi, p=quarantine a jefa shi akwatin spam, p=none kuwa sa ido ne kawai, na bogin na iya shigowa akwatinka. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙonni da yawa su kafa ukun nan, don haka saƙon da ya ce daga babban banki yake amma ba shi da su abin tuhuma ne.

Ba kowane fail ne damfara ba. Saƙon da aka saita ya riƙa wucewa kai tsaye daga wani akwati zuwa wani yakan faɗi SPF, saboda sabar ƙarshe ba ta cikin jerin, amma DKIM ɗinsa ya tsira. Sabar da ke ƙara tambari ko gargaɗi a ƙarshen saƙo kuma tana karya DKIM. Jerin SPF da ya wuce tambayar DNS 10 yakan ba da permerror, wato kuskure a saitin mai domen, ko da saƙon na gaskiya ne.

Layukan "Received" daga ƙasa zuwa sama ake karanta su, kowace sabar da saƙon ya ratsa tana ɗora nata a kai. Na ƙasa ana iya ƙirƙirarsu, na sama ne abin dogaro.

Akwai kuma inda duk gwajin nan ba sa taimako, kuma nan aka fi tafka asara. Idan an sace kalmar sirrin akawun kamfanin, saƙon daga akwatinsa na gaskiya zai fito, SPF da DKIM da DMARC duk su ce pass, har ma ya shigo cikin tsohuwar hirarku. Haka domen mai kama da na gaske, shi ma yana cin gwajin da sunan kansa. Saboda haka duk saƙon da ya ce an canza asusu, ko a gaggauta biya kafin a tashi aiki, a kira mutumin ta lambar da ake da ita tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, a sa shi ya karanto lambar asusun da bakinsa. Idan ya ce bai aiko ba, kada ka goge saƙon, kada kuma ka wadatu da hoton allo ko turawa ta "Forward", domin heda na asali ba ya bin su. Sauke shi a matsayin fayil na .eml ta "Download original" da ke shafin "Show original" na Gmail, shi za ka miƙa wa banki da masu bincike.