Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Gida da Babbar Kwamfutar Aiki

Idan kwamfutocin biyu suna gida ɗaya, hanya mafi inganci ita ce wayar Ethernet, wato wayar haɗa kwamfutoci, domin waya irin Cat5e ko Cat6 tana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100, alhali kuwa ƙarfin Wi-Fi yakan ragu da zarar bango ya shiga tsakani. Sai ka jona kowacce da rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ita kuwa da kanta za ta raba musu adireshi, wato lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita.

In babu rauta, ka haɗa su kai tsaye da waya, ka ba ta farko adireshin 192.168.1.10, ta biyu kuma 192.168.1.11, sannan ka sa wa dukkansu subnet mask na 255.255.255.0, wato lambar da ke nuna cewa suna kan hanyar sadarwa ɗaya. Kafin ka ci gaba, ka gwada haɗin da umarnin ping, wanda ke aika saƙo ga ɗaya kwamfutar ya jira amsa. Idan amsa ba ta dawo ba, kada ka yi saurin zargin waya, domin sau da yawa katangar tsaron Windows ce take tarewa.

Daga nan sai ka buɗe rabon fayiloli, ko ka kunna Remote Desktop, wato tsarin sarrafa kwamfuta daga nesa, amma ka sani cewa Windows Home ba ta karɓar irin wannan shiga. A Linux, SSH, wato tsarin shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro, ya wadatar.

Idan kwamfutar aikin tana ofis, kada ka taɓa buɗe ƙofar 3389, wadda Remote Desktop ke amfani da ita, ga intanet, ka bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanyar sadarwa mai tsaro.