Yadda ake auna karɓuwar kundin farko na mawaƙi: misalin Lauryn Hill

Mai son yin sharhi kan The Miseducation of Lauryn Hill, kundin da mawaƙiyar Amurka ta fitar ita kaɗai a watan Agusta na 1998, sai ya fara da abin da ya gabace shi. Ya saurari kundin The Score na Fugees, ƙungiyar da take ciki tare da Wyclef Jean da Pras, wanda ya fito a 1996. Daga nan ne zai gane abin da ta zo da shi da kuma abin da ta baro wa Wyclef Jean da Pras.

Sannan a ware wa kundin lokacinsa, awa ɗaya da kusan minti ashirin, a ji shi a jere. Kada a bar manhaja ta riƙa cakuɗa waƙoƙin. Dalili kuwa, a ƙarshen wasu waƙoƙi akwai hirar aji, inda malami ke tambayar yara mece ce soyayya. Kundin ma da kiran suna ya buɗe: aka kira Lauryn Hill, shiru, ba ta zo ba. In aka hargitsa jerin, wannan zaren ya tsinke. Muryar malamin ta Ras Baraka ce, wanda ya zama magajin garin Newark a 2014.

Wajen lissafi ne aka fi yin tuntuɓe. A makon farko kundin ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard 200, mai jera kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, da faifai sama da 420,000, kuma duk saye ne da kuɗi hannu. Tun ƙarshen 2014 jadawalin ya fara ƙirga sauraro ta intanet, don haka jera wannan adadi da na mawaƙan yau kai tsaye rashin adalci ne ga ɓangarorin biyu. Haka shaidar kwafi miliyan 10 da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifan waƙa ta Amurka, ta ba shi a 2021: akwai sauraron intanet a cikinta, kada a rubuta cewa faifai miliyan 10 aka sayar. A kula da shekara kuma. Kyaututtukan Grammy biyar da ta lashe, har da na gwarzon kundin shekara, a bikin Fabrairun 1999 aka ba ta su, ba 1998 ba.

Kada a tsallake takardar da ke cikin faifan, wadda ke jera waɗanda suka yi aiki. Carlos Santana ya kaɗa jita, Mary J. Blige da D'Angelo sun sa murya, John Legend, da ba a san shi ba a lokacin, ya buga piyano a waƙa guda. An ɗauki kaso mai yawa na aikin a situdiyon Tuff Gong da ke Kingston, a Jamaika, wanda ke taimakawa wajen fahimtar ƙamshin rege da ke tashi nan da can. Takardar ta nuna kusan komai ita ta rubuta ta tsara, sai dai wasu makaɗa da ake kira New Ark sun kai ƙara cewa an danne musu haƙƙi, aka sasanta a wajen kotu a 2001. Sharhin da ya ɓoye wannan bai cika ba; wanda ya ce kotu ta kama ta da laifi kuma ya yi ƙarya, domin ba a yanke hukunci ba.

Yabon da ya biyo baya a ajiye shi daban da na shekarar fitowa, kowanne da kwanan watansa. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa kundin cikin taskar sautukan ƙasa a 2015, Apple Music kuma ya ɗora shi a saman jerin kundaye 100 mafiya inganci a 2024.