Yadda Za Ka Riƙe Doki a Legas Ba Tare da Iyali Sun Yi Kuka da Kai Ba

Dokina na farko a Legas can wajen Ajah na ajiye shi, kusa da bakin teku, ni kuwa ina zaune a Agege. Lissafina shi ne kowace Asabar in je in yi kilisa a kan yashi. Hanya ce ban sa a lissafi ba. In fita bayan asuba, in hau gadar Third Mainland, in ratsa Lekki, in dawo ana kiran magariba. Wata Asabar uwargida ta tare ni a bakin ƙofa, goye da jaririya, ta ce, "Maigida, tsakanin mu da dokin nan wa ka ajiye a gidan nan?" Ban sami amsa ba. Daga ranar na sake tsari, kuma shi zan shimfiɗa maka.

Ka fara da neman turke kafin ka nemi doki. A Arewa mutum yakan sayo doki ya ɗaure a ƙofar gida, amma a nan gidan haya ne, mai gida ba zai yarda ba, maƙwabta ma ba za su jure wari da ƙuda ba. Barga za ka nema, kuma ka auna nisanta da lokaci, ba da kilomita ba, domin gosulo ne ke mulkin garin nan. In ba za ka iya zuwa ka dawo cikin awa ɗaya ba, ta yi nisa. Mafi kyau ta kasance a kan hanyarka ta zuwa aiki. Mai hali da ke aiki a Island, wato tsibirin Legas, yana iya duba ƙungiyar folo (ƙwallon dawaki) ta Ikoyi, wadda take nan tun 1904, kuma da yawa daga masu kula da dawakinta 'yan uwanmu ne daga Arewa. Mu na wajen Agege da Abule Egba sai mu haɗa kai da masu dabbobi na kusa. Ka je wurin ranar da aka yi ruwan sama. In ka ga ruwa ya kwanta a turke, juya abinka.

Sai lissafin kuɗi, kuma ka yi shi tare da matarka, ba a ɓoye ba. Doki mai nauyin kilo 350 zuwa 400 yana cin kusan kilo 7 zuwa 8 na busasshiyar ciyawa da harawa kullum, ban da dusa da hatsi, yana kuma shan ruwa lita 30 ko fiye in ana zafi. Ka ƙara kuɗin barga, albashin yaron doki, gyaran kofato duk mako shida zuwa takwas, maganin tsutsar ciki da na kaska, sannan ka ware wani abu don ranar da za a kira likitan dabbobi da tsakar dare. Ka ajiye jimillar a gefen kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. In sai ka taɓa ɗaya daga cikinsu, to linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ka dakata tukuna. Kada ka manta doki yana iya kai shekara 25, wato yaron da ke goye yau zai iya gama jami'a dokin yana nan yana cin harawa.

Mataki na uku shi ne ginshiƙin komai: yaron doki. Mai zuwa ofis ko kasuwa ba zai iya ba doki abinci sau uku a rana ba, kuma cikin doki ba ya son a tara masa abinci lokaci guda. Ka sami wanda ya tashi cikin dawaki, ka biya shi a kan lokaci, ka saya masa kati. Ni abin da na roƙi nawa kaɗan ne: kowace safiya ya turo mini ɗan bidiyo ta WhatsApp, in ga dokin yana tsaye yana ci, in ga kashinsa. Ka yi dariya in ka so, amma doki da ya ƙi abinci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa ko birgima, ciwon ciki ne, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Duk da haka, zuwa da kai ya fi aike. Sau ɗaya a tsakiyar mako ka faɗo ba sanarwa, ka shafa haƙarƙari, ka ɗaga kofato, ka sunsuna harawa.

Batun harawa yana da muhimmanci a Legas fiye da gida. Danshin garin nan yana sa ta fumfuna cikin 'yan kwanaki, kuma mai fumfuna tana jawo tari da ciwon ciki. Ka saya da kaka lokacin da motoci ke saukowa da ita da araha, ka jera a kan katako, kada ta taɓa ƙasa. Daga watan Afrilu zuwa Yuli kuwa, kofato ne abin lura, domin tsayuwa cikin laka tana ruɓar da shi. A riƙa sharewa kullum, a bar turke a bushe.

Yanzu lokaci. Ka yanka wa doki rabonsa a fili, kowa ya sani. Nawa shi ne Laraba bayan asuba, minti arba'in kafin in wuce aiki, da Asabar daga bakwai zuwa goma. Lahadi ta gida ce, ko da abokai sun shirya sukuwa. Abin da ya kashe rigimar gaba ɗaya shi ne na fara tafiya da manyan yaran biyu ranar Asabar. Uwargida ta sami awa uku na hutu da jaririya kawai, dokin da take gani kamar kishiya ya koma mai rage mata aiki.

Amma kai yara barga yana da ƙa'ida. Kada yaro ya bi ta bayan doki, kada ya yi gudu ko ihu kusa da shi, kuma in zai ba shi abu a baki ya shimfiɗa tafin hannu. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Hular kwano dole, ko da zagaye ɗaya ne, babba kuma yana riƙe da ragama. Mu Hausawa muna son ingarma mai rawa da haniniya, amma wannan na hawan sallah ne. Mai ƙananan yara ya nemi goɗiya ko dandaƙaƙƙen doki da ya manyanta ya natsu. Ka ba kowane yaro aikinsa: ƙarami ya riƙe buroshi, babba ya auna dusa.

In aka yi sabuwar haihuwa, ko aiki ya tsananta, ka sami amintaccen abokin hawa ku raba ɗawainiya da ranaku. In hakan ma ya gagara, ka tura dokin gida wajen dangi na ɗan lokaci. Ni na yi haka lokacin da aka haifi autarmu. Motar da ta sauke shanu a mayankar Oko-Oba ita ta koma da shi, na bi shi da sallah na hau, ya kuma dawo Legas bayan an yaye ta.